Baba Sannu-sannu da Uwar Bututu

Sau uku ana yi masa taron dangi a kan ruwa kafin na ƙarshen, kuma duk sau ukun washegari ya saɓa makullinsa ya fita aiki da kumburarriyar fuska. Matarsa kan ce ko jaki aka yi wa haka da tuni ya sauya gida. Shi kuwa sai ya ce jaki ba shi da bawul sittin da ɗaya na buɗe ruwa da ke jiran sa.

Aikinsa ke nan a hukumar ruwa shekara talatin da takwas, buɗe ruwa da rufe ruwa. Abin da injin ke turowa bai taɓa isar garin gaba ɗaya ba, sai dai a raba: yau unguwar gangare, gobe ta kasuwa, jibi ta tudu. Mai rabon kuwa shi ne wannan siririn tsoho mai furfura, da makullinsa na ƙarfe da ya kai masa kafaɗa, mai mariƙi a gicciye a kai. Yakan ɗaga murfin ƙarfe a gefen titi, ya zura makullin cikin rami har ya kama kan bawul, ya juya. Wasu bawulolin kwalta ta hau kansu, wasu an yi gini an rufe su, amma duk ya san inda suke. Taswirar da ke nuna su ta daɗe da zama abincin gara a ɗakin ajiya, abin da gara ta rage kuma yoyon rufi ya ƙarasa. Saboda haka taswirar garin tana yawo ne a cikin kan mutum ɗaya, a kan tsohon keke mara birki.

Sunan Sannu-sannu mutanen gari ne suka laƙaba masa, kuma ba don yabo ba. In zai buɗe ruwa ba ya wuce kwatan juyi. Sai ya tsaya, ya ɗora wani sandan ƙarfe a kan bututu, ya kara kunnensa a ɗaya bakin, ya lumshe ido yana saurare. Mata na tsaye da bokitai suna tsaki, wasu na cewa tsohon ya yi barci a tsaye, shi ko gezau. Ya sha yi musu bayani har ya gaji. Bututun da ya kwana babu ruwa iska ce cike da shi, in ka sako ruwa da ƙarfi iskar ba ta da wurin zuwa, sai ta doki ƙarfen daga ciki. Sabon bututu zai iya shanye dukan. Nasu kuwa tsatsa ce ke riƙe da tsatsa.

Wanda ya fi jin tsoro a cikin bututun nan shi ne babban da ke hawa unguwar tudu, wanda ma'aikata ke kira uwar bututu. Tun kafin mahaifinsa ya yi aure aka binne ta, faɗinta yaro zai iya rarrafawa a ciki. Babu irinta a ɗakin ajiya, babu mutanen da za su haƙa su sa wata, kuma ofis ya faɗa ba a ɓoye ba cewa babu kuɗin sayen sabuwa. Duk ranar da ta fashe, ta fashe ke nan. Baba yana lallaɓa ta fiye da yadda yake lallaɓa matarsa, abin da matar ba ta taɓa gajiya da faɗa masa ba.

Su goma sha huɗu ne a ƙungiyarsu lokacin da ya kama aiki. Aikin ya ci su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya fara da ba da yatsu biyu, ranar da murfin ƙarfe ya kufce wa wani ya datse masa su a bakin rami, ya tsince su da kansa ya ƙulle a hankici ya kai asibiti, aka ce masa sai haƙuri. Amininsa Dogo, wanda suka shiga aiki rana ɗaya, rami ne ya rufta da shi, don an tura su haƙa babu katakon tokare bango. Baba ya yi ta tonon ƙasa da hannu har farcensa ya fita, ya same shi a durƙushe, bakinsa da hancinsa cike da laka. Sauran, wasu suka yi ritaya, wasu suka mutu a gida, ba a ɗauki ko mutum ɗaya a gurbinsu ba. Da tasa ritayar ta zo aka yi masa taro aka ba shi agogon bango, ranar Litinin kuma aka aiko a roƙe shi ya dawo. Ya dawo. Ni dai a ganina wauta ce, amma irin wautar da gari ke shan ruwa da ita.

Dukan da ya sha a baya duk iri ɗaya ne. Ruwa zai yi jinkiri, jama'a ba su san ofis ba, ba su san injiniya ba, wanda suka sani shi ne mai makulli. A na farko aka fasa masa baki. A na biyu aka jefa kekensa a kwata aka bi shi da jifa. A na uku aka karya masa haƙarƙari biyu, har matarsa ta ɓoye makullin a ƙarƙashin katifa, ta ce in yana son sa sai ya ɗaga ta tukuna. Ya zauna a bakin gado yana haki, ya ce, “Uwar yara, in ban je ba wani zai je da sufana ya buɗe da ƙarfi.” Ta fi shi sanin abin da hakan ke nufi. Ta tashi ta ba shi, tana kuka tana zaginsa.

To, a wannan bazarar babban injin hukumar ya ƙone, aka yi kwana goma sha ɗaya babu ɗigon ruwa a unguwar tudu. Mutane suka koma tsofaffin rijiyoyin da ke maƙwabtaka da masai. Amai da gudawa ya shiga gidaje. Ana cikin haka wani ya ƙaga magana cewa tsohon yana karkatar da ruwansu zuwa wurin masu buga bulo, maganar kuwa ta samu ƙafafu, don mai ƙishirwa ba ya bincike. A cikin waɗanda suka yarda da ita har da wani mai wanki da guga, ƙato mai sanyin hali, wanda ya saba gaishe da Baba har ƙasa. 'Yarsa 'yar shekara uku ta rasu a rana ta goma.

A rana ta goma sha biyu da hantsi aka tayar da injin. Baba ya iso mararrabar da ke gindin tudu, inda bawul ɗin uwar bututu yake, ya tarar da jama'a sun fi ɗari, bokitai da jarkoki a jere har sun sha kwana. Ba wanda ya amsa gaisuwarsa. Ya ɗaga murfi, ya kara sandansa ya saurara, ya ji ruwan ya iso yana danna bawul. Ya kuma san bayan bawul ɗin iskar kwana goma sha ɗaya ce kwance har kan tudu. Dole sai ya hau can sama ya buɗe ɗan bawul ɗin da ke fitar da iska, sannan ya dawo ya fara juyinsa. Sai ya mayar da murfin, ya saɓa makulli, ya kama hanyar tudu.

Abin da jama'a suka gani ke nan: ya buɗe, ya rufe, ya juya musu baya.

Wata mata ta ce ga shi can zai kai wa masu bulo. Kafin ya yi taku goma an sha gabansa. Mai wanki ne ya riƙe ɗaya bakin makullin. Idanunsa sun yi ja, muryarsa kuwa a kwance take.

“Baba, koma ka buɗe.”

“Ɗana, ku ba ni sa'a biyu. Iska ce a ciki. In na buɗe yanzu za ta fashe, wallahi za ta fashe.”

“Shekaranjiya na binne 'yata, Baba. Ruwan da aka yi mata wanka da shi ma wari yake.”

Baba ya buɗe baki zai yi masa ta'aziyya, marin wani ya riga shi, daga baya, a kan kunne. Ya durƙusa amma bai saki makullin ba. Ya rungume shi a ƙirji ya naɗe ƙafafu a kai, suka ja shi a kan kwalta har bakin ramin, fatar bayansa na barewa. Suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa, wata ta buga masa gindin bokitin ƙarfe a baki, haƙora suka zubo. Yana ta maimaita maganar iska, jini na cin rabin kalmomin. Da suka ga yatsu takwas ɗin nan sun ƙi buɗewa, wani ya ɗauko ɓarin bulo ya danne hannun dama a kan murfin ƙarfe ya doka, ya sake dokawa, sannan ya koma na hagu. Ƙarar ƙashin ta sa wasu mata suka kau da kai, amma ba wadda ta ce a bari. Mai wanki ya fizge makullin, Baba ya kai masa cafka da karyayyen hannu, shi kuma ya juyo da ƙarfi, mariƙin ƙarfen ya sami tsohon a bayan kunne. Ya faɗi rub da ciki, kumatunsa a ƙasa.

Aka ɗaga murfin aka zura makullin, ƙarti huɗu suka kama mariƙin suka yi ta zagaye da gudu. Abin da yake yi a sa'a biyu suka gama shi kafin a ƙirga ɗari. Famfon bakin titi ya yi tari, ya feso jan ruwa, jama'a suka ɗauki sowa suna ture juna.

Baba bai suma ba. Kunnensa na manne da ƙasa, saboda haka shi kaɗai ya ji. Ya ji ruwan ya haura tudu da gudu, ya ji ya ci karo da iskar can sama, ya ji dukan ya juyo yana gangarowa, gaɓa bayan gaɓa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko da ana fasa masa hannu. Ya so ya ce su watse, harshensa ya ƙi motsi.

Titin ya kumbura, sannan ya tsage. Ruwa ya tashi ya fi rufin shagunan tsawo, ɗauke da kwalta da duwatsu da ɓallin ƙarfe masu kaifi. Wani ɓalli ya yanke cinyar mai wanki har ƙashi. Wani ya sami matar nan mai bokiti a wuya, ba ta ko shura ba. Katangar gidan da ke kan kwanar titin ta zauna a kan mutum uku. Wani mai facin taya da rumfarsa suka tafi tare cikin kwata. Waɗanda ɗazu ke sowa suka tattake juna suna gudu, jarkoki na yawo a kan ruwan da ya koma ja. Wani direban babbar mota ne ya tsamo Baba ta wuyan riga kafin ramin ya haɗiye shi.

Mutum biyar aka rasa. Ruwa ya yi ta ambaliya har la'asar, don ba wanda ya san inda za a tare shi, sai da aka kashe injin ɗungurungum. Da aka kashe shi kuwa, ba unguwar tudu kaɗai ba, garin gaba ɗaya ya bushe. Akwai wani bawul guda da in an rufe shi za a ware uwar bututu, sauran unguwanni su ci gaba da samun rabonsu. Kowa a ofis ya san akwai shi. Aka haƙa wuri bakwai a cikin mako guda ba a dace ba.

A rana ta takwas injiniyan hukumar ya zo asibiti da kansa, saurayi mai ladabi, da takarda da biro. Ya tarar da Baba a gadon bakin taga, hannuwansa biyu a naɗe har gwiwa, rabin fuskarsa ya zube, matarsa na kora masa ƙudaje da mafici. Likita ya riga ya faɗa wa injiniyan dukan da aka yi wa Baba a kai ya tafi da maganarsa, amma ya ce bari ya gwada. Ya durƙusa ya ce, “Baba, bawul ɗin da ke raba uwar bututu da sauran gari. A ina yake?”

Baba ya ji shi sarai. Yana ganin wurin ƙuru-ƙuru: layin maƙera, shago na uku, ƙarƙashin simintin da mai aski ya dafe ya ɗora kujerarsa, taku biyu daga bakin ƙofa. Ya tattara duk ƙarfinsa ya tura maganar zuwa bakinsa. Abin da ya fito gurnani ne da miyau.

Injiniya ya ce to zai riƙa kiran sunayen layuka, in ya faɗi daidai Baba ya ƙifta ido. Amma tun ranar dukan fatar idon ke rawa da kanta. Ya kira layin tasha, idon ya ƙifta. Ya kira layin maƙera, ya ƙifta. Ya kira layin asibiti, ya ƙifta. Saurayin ya rubuta duka ukun, ya dube su, ya soke. Hawaye ya gangaro daga idon Baba mai lafiya ya shige cikin kunnensa.

Matar ta ajiye mafici, ta jiƙa bakin zanenta da ɗan ruwan da ya rage a kofi, ta goge wa mijinta haɓa. Ba ta ko dubi injiniyan ba.

“Ɗana, tashi ka je,” ta ce. “Shekara talatin da takwas yana da baki yana da hannu, ba wanda ya zo da takarda.”