Manomin Tagullar da Ban Narka Ba

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Jiya ɗana ya nuna mini hoto a waya: mutum-mutumin tagulla, manomi duƙe da fartanya, za a yi gwanjonsa a Legas. 

Marigayi kawuna maƙerin tagulla ne a Ƙaura Namoda. Maƙerarsa kullum ƙamshin kakin zuma da gawayi take yi. Duk abin da zai zuba, sai ya fara siffanta shi da kaki, ya danna babban yatsansa a gindin, shatin ya fito a tagullar. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana kwance ba lafiya, ya miƙo mini irin wannan manomi cikin tsumma.

"Ɗana, narka shi yau. Ba ni iya busa mashi rai ran ƙiyama."

Na ce to, amma na kasa. Na ba wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai komawa kudu, na ce wa kawu na narka. Ya sa mini albarka. Bayan kwana uku ya rasu.

Allah Ya haskaka kabarinsa, kada Ya tambaye shi abin da ni na saɓa.

Don Allah, duk mai zuwa gwanjon ya kife manomin ya duba. In da shatin yatsa, ya sanar da ni. Zuga-zugan kawu suna nan, in cika alkawarin narka shi.