Daminar da Kaka Ta Gwada Ƙwai a Kaina

Duk sanda na bi ta gaban teburin mai shayi na ji ƙamshin ƙwai a kasko, sai dariya ta kama ni, har mutane su riƙa kallona kamar wanda ya fara taɓuwa. Ba laifinsu ba ne. Ba su san ni ne yaron da aka taɓa ba shi ƙwai don a ga ko zai zama ɓarawo ba.

A gidanmu na Garwa yaro ba ya cin ƙwai. Ba wai babu ba ne. Kaka, mahaifiyar babanmu, tana da zabi, kuma da damina sukan yi ta zuba ƙwai har a rasa kwanon sawa. Amma doka ce da ita ma ta taras: yaron da ya ɗanɗani ƙwai hannunsa zai fara ƙaiƙayi, ya soma da akurkin maƙwabta, ya ƙare a gidan yari. Manya su ci, a kai saura kasuwa, mu kuwa rabonmu ƙamshi.

A shekarun nan ne babanmu ya shigo da talabijin, wadda duk unguwa ke kira tele. Ba kullum ake nuna abu ba, kuma kafin labarai akan sa wani ɗan gajeren shiri na yara. Wata madam ce mai tabarau, da 'yar tsanarta mai ƙaton baki. Yau su koya mana wanke hannu, wani jiƙon tsallaka titi. Da Faransanci ake yi, saboda haka yayata da ke zuwa lekol, wato makarantar boko, ita ce tafinta. Kaka takan shimfiɗa tabarma can gefe ta ba akwatin rabin baya, wai ita ba kallo take yi ba, amma ba abin da ke wuce ta.

A daminar da nake ba ku labari, ƙanwata ta tashi daga ƙyanda, ga kuma yaye. Ta rame, ƙafafunta kamar sillen kara, ko kukan kirki ba ta iyawa. A dispansa, ɗan ƙaramin asibitinmu, aka ce wa Innarmu a riƙa ba ta ƙwai. Inna ta dawo ta durƙusa ta faɗa, kai a sunkuye. Kaka ta ce a ƙara wa yarinya kunu. To, matar ɗa ba ta ja-in-ja da uwar miji. Na sha ganin Inna ta kalli kwanon ƙwan nan, ta kalli 'yarta, ta goge ido da gefen mayafi. Abin yana ci mini rai, amma ban san abin yi ba.

Ran nan ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, muna jere a gaban tele, sai ga madam da ƙwai a hannu. Aka nuna zanen yara biyu, ɗaya kamar tsinke, ɗaya kumatu ɓul-ɓul. 'Yar tsana ta haɗiye ƙwan, ta ɗaga kujera da hannu ɗaya.

"Me take cewa?" in ji Kaka, ba ta ko juyo ba.

Yayata ta ce, "Wai a ba yara ƙwai, Kaka. Yana sa ƙarfi."

"Tambaye ta, ita za ta biya kajin maƙwabta?"

"Ai ba ta ji, Kaka."

"To kin ji. Ta iya faɗa, ba ta iya ji ba. Irinsu ne ke kashe gida."

Mun ɗauka magana ta mutu. Ashe shirye-shiryen ba su da yawa, maimaita su ake yi. Madam ta dawo da ƙwan nan nata, ta sake dawowa, har Kaka ta fara zargin da ita ake. "Wai wa ya kai wa matar nan gulmata?" Tana faɗa tana hararar ƙofar Inna.

Kaka dai ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Ko atamfa za ta saya sai ta jiƙa gefenta ta ga ko tana zuba. Saboda haka ta yanke hukunci: za a gwada ƙwai a kan yaro ɗaya. In wata ya mutu bai yi sata ba, a ba yarinya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina.

"Zo nan, maigidana. Kai dama rabinka ya lalace, ko an yi asara ba ta da yawa."

Ba sharri ta yi mini ba, ni da ƙuli-ƙulinta mun daɗe da sanin juna. Haka na fara cin dafaffen ƙwan zabo kowace safiya, sauran yara na haɗiyar yawu. Daɗin bai daɗe ba, don Kaka ta cika gida da tarko. Dakuwa a bakin taga, ƙuli-ƙuli a faifai, ita kuma a kwance tana barcin ƙarya da ido ɗaya a buɗe. Inna ta ja ni bayan madafi. Ba ta yi mini wa'azi ba, cewa kawai ta yi, "Dubi ƙanwarka." Tun daga ranar nake yawo hannu a goye a baya kamar dattijo. Ban taɓa sanin gaskiya tana da wahala haka ba.

Saura ƙiris wata ya mutu, sai babban tarkon ya faɗa. Wani ƙaton farin goro ne da ta naɗe a ganye ta rufe da faifai a ɗakinta, aka neme shi aka rasa. Kaka ta tara gida tana tafa hannu. "Ba na faɗa ba? Ƙwai ya yi aikinsa!" Na rantse, na yi kuka, ba wanda ya yarda, don kowa ya san halina. Abin da ya fi yi mini ciwo fuskar Inna ce, tana tsaye da yarinyar a kafaɗa.

Ana cikin haka sai ga kakanmu, mijin Kaka, tsohon ɗan kasuwa da rabin unguwa ke zuwa ya raba musu gardama. Ya fito daga zaure da carbi a hannu yana tambayar me aka yi wa yaro. Bakinsa na motsi, ga ɓarɓashin goro a gemu.

Kaka ta ƙura masa ido. "Alhaji, goron da ke ƙarƙashin faifai fa?"

"Au, naki ne? Gani na yi an yar."

"An yar? A naɗe, a rufe, a cikin ɗakina?" Sannan ta ce, "Alhaji, kai kuma wa ya ba ka ƙwai kana yaro?"

Ya ɗaga kai da alfahari. "Ni? Sai da na yi aure na san ɗanɗanonsa."

Bai san ya gama shari'ar ba. Gida ya kaure da dariya. Inna kuwa da gudu ta shige ɗaki, don ba a yi wa suruki dariya a gabansa, amma muna jiyo ta.

Washegari Kaka da kanta ta dafa ƙwai, ta ɓare, ta murje gwaiduwar da yatsa, ta ɗora ƙanwata a cinya. "Ci, 'yar nan," in ji ta. "In kin yi sata, kakanki kika gado."

Ƙanwar tawa yau uwar gida ce, in ta zauna a kujera sai kujerar ta yi ƙara. 'Ya'yanmu suna cin ƙwai har su ture, kowanne da waya a hannu tana gaya masa abu ɗari kafin azahar, kuma ban ga mai tsayawa ya gwada ko ɗaya ba. A nan ne nake kewar tsohuwar nan ƙwarai. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa madam ta yi gaskiya ba. In aka yaba ƙibar jikarta, sai ta gyara zama ta ce zabinta ne masu albarka.