Tururuwa Cikin Koko

Ko yau in na ga tururuwa tana jan ƙwayar hatsi a tsakar gida, sai in tsaya in bi ta da kallo. Ku tsaya in ba ku labari, don abin ya daɗe yana cina.

Garinmu na kusa da Tsarnawa, bakin kwalta, inda motocin simintin Malbaza ke girgiza mana darni. Ina ƙarama Inna ta haifi ƙanena cikin bazara, yaro jawur, da gashi kwance luf. A gidanmu jariri ba ya kama mama sai an gwada nonon. Gwaggo, yayar Baba, ita ke gwaji. Ta tatsi dakashi, wannan nonon farko mai kauri, cikin ɗan koko, ta jefa tururuwa. In ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, mugu ne.

Mata sunka kewaye kokon, ni ma na leƙa. Tururuwa ta yi ta harba ƙafa, ta yi ta harbawa, sannan ta yi shiru.

"Kun gani? Dafi ne," in ji Gwaggo. "Kada ya taɓa shi."

Inna ta ce, "Yaya, a sake da wata mana."

"Ke kika haife ni?"

Shi ke nan. Anka koma ba shi nonon akuya da ruwan rijiya cikin ludayi, rijiyar da bazara ta mayar laka. Ita kuwa Inna ƙirjinta ya kumbura, zanenta kullum jiƙe. Yaro na kuka cikin ɗaki, ita tana bayan ɗaki tana tatsewa a ƙasa. Warin nan na nono da rairayi mai zafi har yanzu yana hancina. Zawo ya kama yaron, maɗigarsa ta faɗa. Bai ga damina ba. Anka ce da ya sha nonon uwar, da ko suna bai kai ba.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, amma da na girma rediyo ba ya barin kunnena, kuma ungozomar gidan likita ta gaji da tambayoyina. Wallahi dakashin nan shi ne maganin farko na jariri! Na ma gwada da kaina: na tatsi akuyarmu cikin koko, na jefa tururuwa. Ta mutu! Da gudu na kai wa Gwaggo kokon, tana zaune ta tsufa tukuf. Ta duba, ta taɓe baki.

"To akuyar taki ma a sayar da ita."

Matan gida sunka fashe da dariya. Inna kaɗai ba ta yi ba, ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu gari ya samu famfo, gidan likita na nan kusa, ana ta faɗakarwa a rediyo. Amma bara matar yayana ta haihu. Na shiga da saurina, bakina cike da bayani, sai na tarar da kokon a gindin gado, an riga an gama. Wannan karon ba Gwaggo ba ce ta jefa tururuwar. Inna ce.