Dallatu da Dawowar Yayarsa Daga Asibiti

Malam Dallatu mutumin wani ƙauye ne arewa da Bici, inda gonaki suka matsi juna har kunyar dawar wani tana gogar gyaɗar maƙwabcinsa. Manomi ne kamar kowa, amma an fi saninsa da raba iyaka. In rigimar gona ta tashi, shi mai unguwa yake turawa. Sai ya tsuguna ya tona gindin gambar da ke kan iyakar, ya faɗi wanda ya matsar da ita da daminar da aka yi hakan. Shekara talatin yana wannan aiki, ya sha ganin wa ya ci iyakar ƙaninsa yana murmushi. Shi ya sa ba ya karɓar magana sai ya juya ta ya ga bayanta.

Mutum ɗaya ce bai taɓa zargi ba, yayarsa Halima Sa'adiya, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Da ciwon ƙoda ya kama ta, ɗanta Munir, malamin firamare, shi ke kai ta asibiti a Kano sau biyu a mako ana yi mata wankin jini da inji. Aka yi wata goma sha huɗu a haka. Ran wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, sai ga mota ta sauke ta da tabarmarta da kwanukanta gaba ɗaya.

Dallatu ya tare Munir a zaure. "Yaushe za ku koma?"

"Kawu, ba komawa. Likita ta ce zuciyarta ta daina ɗaukar injin. Duk ɗorawa sai ta suma. Ta ce mu yi shawara, mun kuma yi."

"Ku da wa?"

Munir ya sunkuyar da kai, ya kwashi kwanukan ya shige ciki.

Wannan ya tsaya wa Dallatu a rai. Yaya Halima tana da gona a bakin titi, kuma makon da ya wuce ya hangi wani baƙo ya fito daga farar mota yana taka gefenta kamar mai awo. A lokacin bai kawo komai a ransa ba. Yanzu kam ya kawo.

Ya sami Liman Badaru bayan azahar, ya ce, "Allah gafarta Malam, in aka cire wa mutum abin da ke riƙe da ransa, ba kisa ba ne?"

Liman ya ce, "In amintaccen likita ya tabbatar magani ya daina amfani sai azaba, barinsa ba laifi ba ne. In kuwa da wata manufa aka bari, Allah ya san abin da ke zuciya."

Dallatu ya riƙe rabin ƙarshe kawai. Washegari ya shiga mota har Kano ya nemi likitar. Ta zaunar da shi, ta yi masa bayani dalla-dalla, kusan kalma ɗaya da ta Munir. Wannan ma bai yi masa daɗi ba, ya ce a ransa kamar an haɗa baki.

Da la'asar ya tarar da yayarsa a inuwar rumfa, ƙafafunta sun kumbura. Ya jira matan gidan suka tashi.

"Yaya, ba kowa a nan. Munir ne ya gaji da ke?"

Ta ce, "Kwana uku yaron nan yana kuka yana roƙona in daure. Ni na gaji, Dallatu. Fiye da shekara ana auna min ruwan sha a ɗan ƙoƙo. So nake in mutu a ɗakina, ina jin kiran sallar masallacinmu."

"Mai farar motar nan da ya zo gonarki fa?"

"Wace mota kuma?"

Ya ga da gaske ba ta sani ba. Ya ɗebo mata ruwan randa a moɗa, ta sha rabi, ta yi hamdala.

Kwana goma sha ɗaya ta yi, sannan ta cika, bayan sallar asuba, hannunta cikin nasa. Shi da Munir suka shiga kabari suka karɓe ta. Gonar ba a sayar ba, Munir ya zuba mata wake a daminar da ta biyo. Dallatu bai taɓa sanin ko wane ne baƙon ba, bai kuma tambayi Munir ba. Wani lokaci ya ce a ransa ya zalunci yaron da zargi, wani lokaci ya ce wa ya sani.

Bana da hawan jini ya kwantar da shi mako biyu, yana samun sauƙi ya tara 'ya'yansa huɗu, ya aika aka kira Liman da mai unguwa.

"Ku zama shaida," in ji shi. "A yi min magani muddin likita ya ce da amfani. In ya ce babu, a kawo ni gida. Ni na faɗa da bakina, kada a tuhumi kowa a bayana."

Liman ya rubuta da ajami, Dallatu ya sa aka karanta masa sau biyu kafin ya dangwala yatsa.