Kumburin Cikin 'Yata da Askar Wanzami

'Yata ta fari tana da sati uku a duniya kukan ya soma. Kullum da an kira sallar la'asar a masallacin da ke bayan gidanmu a Rikoto, cikin garin Zuru, sai ta naɗe ƙafafunta zuwa ciki, ta dunƙule hannu, fuskarta ta yi jajir, ta buɗe baki. Ba ta sararawa sai mutanen gida sun gama cin tuwo. Da safe kuwa lafiya lau take, ta sha nono, ta yi barci, har ka ce ba ita ba ce jiya ta tayar da unguwa.

Mijina soja ne. A lokacin yana can arewa maso gabas, bai ga yarinyar ba sai a hoton waya. Mahaifiyata ce ta baro gonarta a Manga, ga dawa ta fara fitar da kai, ta zo ta zauna da ni jego a ɗakinmu na haya. Mama mace ce da ba a yi mata gardama. Mu shida ta raina, ta kuma karɓi haihuwar mata da yawa a ƙauyenmu. Da ta ji kukan kwana biyu a jere, ta danna cikin yarinyar da yatsa, ta ce, "Baƙin jini ne. A kira wanzami ya tsaga."

Na san abin da take nufi, don a jikina yake. Akwai ƙananan layuka kewaye da cibiyata, an yi mini su tun ban san kaina ba.

"Ke ma haka kika yi," in ji Mama. "Aka tsaga, jinin ya fita, kika yi shiru."

Na ce mu jira ranar awo mu ji abin da za su ce a asibiti. Ta taɓe baki, amma ta bar maganar.

Ma'aikaciyar da ta duba mu babbar mace ce mai gilashi, kowa Sista yake ce mata. Ta ɗora yarinyar a sikeli, ta auna zafin jikinta, ta daɗe tana lallatsa cikin. Ta tambaye ni yadda kashinta yake da ko tana amai. Sannan ta ce in ba ta nono a gabanta. Na ji kunya, amma na ba ta.

"Kin ji wannan ƙarar tsotson?" ta ce. "Iska take haɗiya tare da nonon. Bakinta bai kama da kyau ba. Matso da ita, kanta ya fi cikinta tudu."

Ta gyara mini riƙon da hannunta. Ta nuna mini yadda zan ɗora ta a kafaɗa in riƙa bubbuga bayanta a hankali har ta yi gyatsa, da yadda zan kwantar da ita rigingine in juya ƙafafunta kamar mai tuƙa keke, in shafa cikin da tafin hannu. Daga ƙarshe ta rubuta mini maganin iska na jarirai, irin wanda ake ɗigawa a baki.

"Zan gaya miki gaskiya," ta ce. "Wannan maganin yana taimaka wa wasu yara, wasu kuma kamar ba a ba su ba. Yawancinsu lokaci ne ke warkar da su. Amma ban da nono da wannan, kada komai ya shiga bakinta. Ba zuma, ba jiƙo, ko ruwa ma ban yarda ba. In kuwa kika ji jikinta da zafi, ko ta yi amai kore, ko kika ga jini a kashinta, ko cikin ya yi tauri ya ƙi saki, ko ta ƙi nono, kada ki tsaya neman shawarar kowa. Ki taho."

Na ce, "Sista, tsaga fa?"

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Iska a hanji take. Aska a fata take yanka. Ki gaya mini inda za su haɗu."

A kemis mai shagon ya miƙo mini maganin, ya kuma jawo wata kwalba daga ƙasan kanta. Ya ce in haɗa da wannan, yaro na sha zai yi barci kamar an ɗauke shi. Na ce ba shi aka rubuta mini ba. Ya ce duk mata suna saya. Na ce to su saya. Na ɗauki nawa, na duba ranar da zai lalace, na koma asibitin da ƙafa don Sista ta nuna mini iyakar layin da zan zuƙo a ɗan bututun da ke cikin kwalin. Ta ja mini alama da biro a jikin kwalin, ta rubuta sau nawa a yini, ta ce in girgiza kwalbar kafin in zuƙo, in ɗiga ta gefen kumatu a hankali, in wanke bututun duk na gama.

Da a ce maganin ya yi aiki a ranar, da ba ni da labarin da zan bayar. Bai yi ba. La'asar ta yi, yarinya ta naɗe ƙafa ta fasa kuka kamar jiya. Wani lokaci in ina juya ƙafafun sai ta saki tusa mai ƙara, ta yi lamo na ɗan lokaci, sannan ta dawo da sabon ƙarfi. Mama na zaune bakin ƙofa tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai take cewa, "Maganin naki yaushe zai fara aiki?"

Gidan haya ne, ɗaki takwas, kowace mace da nata ilmin. Wata ta ce in jiƙa kanwa. Wata ta kawo saiwa a ƙulle cikin leda. Maƙwabciyata mai dafa burkutu ta ce in tsoma yatsa a ciki in lasa mata sau biyu kawai, duk 'ya'yanta haka ta yi musu. Ina godiya, ina ajiye saiwar a taga. Nan da nan aka sa mini suna mai boko. Ina jin su a bakin rijiya suna cewa wai don na yi sakandare nake ganin na fi uwata sani.

Ranar wata Asabar da hantsi na ɗauki dawa zuwa injin niƙa, na bar yarinyar tana barci kusa da Mama. Na tarar da layi, sai na bar kwanon wurin mai injin na juyo gida. Ina shiga tsakar gida na ga tabarma shimfiɗe ƙarƙashin mangwaro. Wani dattijo na zaune a kai, ya buɗe zabirarsa, ya jera aska da ƙaramin ƙaho a kan tsumma. Mata uku na tsaye. Mama ta miƙe ƙafa, 'yata na kan cinyarta tsirara, an riga an shafa wa cikinta ruwa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na dai ji ɗumin jikinta a ƙirjina, na ja da baya har na jingina da bango.

Mama ta miƙe. In ranta ya ɓaci ba ta yin Hausa, sai ta koma yarenmu, C'lela, kuma da shi ta yi mini magana. Ta ce in miƙo yarinyar. Na ce a'a. Ta ce kullum jikarta na shan wahala a gabanta, ni ina wasa da ɗigon ruwa. Ta ce, "Ni na haife ki."

Na ce, "Ni kuma na haifi wannan, Mama. Ba za a tsaga ta ba."

Tun da nake ban taɓa ce wa Mama a'a a gaban mutane ba. Mai burkutu ta ce in ji tsoron Allah, uwa ce fa. Na ce duk wadda ta matso kusa da ni za ta sha mamaki. Ba wadda ta matso.

Dattijon bai ji yarenmu ba, amma ya gane. Mutumin wajen Kabi ne, ya daɗe yana aski a Zuru. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke ta haihe ta?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Kuma ba ki so?"

"Ba na so."

Ya naɗe askarsa cikin tsumma, ya mayar da ƙahon zabira. Ya juya wajen Mama ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. In uwa ta ce a'a, ba ni taɓa jinjiri." Ya sa takalmansa ya fita.

Kwana huɗu Mama ba ta yi mini magana ba. Tana dafa mini ruwan wanka, tana dama mini kunu ta ajiye a bakin gado, amma ko kallona ba ta yi. Ni kuma daga ranar ban sake barin yarinyar da kowa ba. Ko wanka zan shiga, sai in shimfiɗa zane a ƙofar banɗaki in kwantar da ita inda idona zai kai.

Mama ta sa aka kira mata mijina a waya. Da yamma ya kira ni, kukan yarinyar na shiga wayar har ba ma jin juna sosai. Ya ce in bi Mama a hankali, manya sun san abin da ba mu sani ba, shi ma an yi masa kuma ga shi yana ɗaukar bindiga. Na ce in yana so a yanka masa 'ya, ya nemi hutu ya zo ya riƙe ta da hannunsa, ya kuma fara ture ni. Sai ya ce, "Ke dai ba ki da dama," ya tambayi nauyinta a awon ƙarshe.

Ranar Lahadin makon da ya biyo baya, bayan an tashi sujada, shugabar zumuntar mata ta cocinmu ta biyo mu gida. Ta zaunar da ni, ta ce in durƙusa in roƙi gafarar mahaifiyata. Na ce zan roƙi gafara don ɗaga murya, wannan na yi kuskure. Amma don hana tsagar, ba zan roƙa ba, domin in aka sake kawo wanzami gobe, abin da na yi ran nan shi zan yi. Na durƙusa na faɗi iyakar wannan. Mama ta kawar da kai, ta ce in tashi, ƙasa da sanyi.

Bayan kwana biyu ina wanki a ƙofar ɗaki, na waiwaya na ga Mama ta buɗe kwalbar maganin tana shirin tsiyayawa a cokalin shayi.

"Mama! Me kike yi?"

"To ba shi kika ce ba?" ta ce. "Ɗan abin da kike ɗiga mata ko kaza ba zai yi wa komai ba. A cika cokali mu gani."

Wannan ya zama faɗa na biyu, amma bai kai na farko zafi ba. Na ce magani ba kunu ba ne, yawansa ba ya ƙara lafiya. Na kawo bututun na nuna mata layin. Mama ba ta karatu, amma idonta ya fi nawa. Ta girgiza kwalbar, ta zuƙo daidai layin, ta ɗaga shi ga haske ta duba, sannan ta ɗiga a gefen kumatun jikarta. Daga nan muka yi ƙa'ida: duk wadda ta ba da maganin za ta jefa ƙwayar wake ɗaya a murfin kwano, don kada mu ba ta sau biyu ko mu wuce adadin yini.

Wurin fitar da gyatsa kuwa Mama ta fi ni nesa ba kusa ba. Ni in na ɗora ta a kafaɗa sai in yi ta bubbugawa ba labari. Mama sai ta zaunar da ita a cinya, ta tallafe haɓarta da tafin hannu, ta shafa bayan daga ƙasa zuwa sama sau uku, sai ka ji gyatsa kamar ta ƙato. Mama ta dube ni ta ce, "Wannan ma Sistar taki ce ta koya mini?"

Kukan bai tafi rana ɗaya ba. Ya riƙa raguwa, yau a yi, gobe a tsallake, har wata rana tana neman wata huɗu muka ji an kira la'asar an idar, tana kwance tana wasa da yatsun ƙafarta. Ban san ko maganin ne ba, ko gyatsar, ko hanjinta ne ya yi ƙwari. Mama ta ce da an tsaga tun farko da ba mu sha wannan doguwar wahala ba. Na ce ba ta da shaida. Ta ce ni ma ba ni da ita. Ta koma Manga girbin dawa a kan wannan ra'ayin.

Shekarar da ta biyo baya matar ƙanena ta haihu a Manga, ɗanta ya yi irin wannan kukan. Kafin labari ya iso ni an riga an tsaga shi, wurin ya yi ruwa, sai da suka yi ta zirga-zirgar asibiti ana wanke shi kafin ya warke. Na hau mashin da 'yata a baya na je. A tsakar gidan mahaifina, gaban kawunnaina, na faɗi duk abin da ke raina, ban rage ba. Wani kawuna ya ce kada in sake taka gidan sai na koyi ladabi. Na ce ranar Kirsimeti ina nan tafe, kuma na je.

Matar ƙanen nawa a ranar tana ɗaki tana kuka. Da ta sake samun ciki, watan haihuwarta na kamawa ta haɗa kayanta ta taho Rikoto. A ɗakina ta yi jego.