Matsattsiyar Ragar Baba Mai Fili

Kafin 'yan wasa su iso, Baba Mai Fili ya riga ya tsince tsakuwa da fasassun kwalabe, ya zaga da gwangwaninsa mai huda yana zuba farar ƙasa a kan layi, ya ɗinke inda raga ta yage. Haka yake yi har gemunsa ya koma kalar layin. A watan nan ya ajiye aiki, amma zuciyarsa ba ta huta ba.

A filin nan ne yarinyar da ake kira Lamba Tara ta koyi ƙwallo. Yau ita ke jan gaba a tawagar mata ta ƙasa, ta ci ƙwallaye a garuruwan da Baba bai iya faɗin sunansu ba. Da 'yan jarida suka tambaye ta sirrin saitinta, sai ta ce duk ragar da ta tarar a waje faɗi take yi mata, don ta gida matsattsiya ce. Aka zo aka auna, aka ga ragar gabas ta gaza da taƙi biyu. Nan take Baba ya zama mai hangen nesa, wai da gangan ya matse ta don yara su ƙware.

Shi kuwa ya san ba haka aka yi ba. Shekarar da iska ta karya sandar saman ragar, guntayenta ya jera ya auna wa mai walda, ya manta da lanƙwasasshen guntun da aka yanke aka yar.

"To ka yi shiru mana," in ji matarsa. "Kuskuren da ya zama alheri, wa ya cuta?"

"Bahaguwa," ya ce.

Bahaguwa ƙawar Lamba Tara ce. Ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo, ƙwallonta ta daki ƙarfen ragar gabas ta dawo, aka ɗauki ƙawarta aka bar ta. Da ragar cikakkiya ce, da ta shiga. Yanzu ɗinki take yi a bayan tasha.

Ranar walimar sallamarsa, Lamba Tara ta zo ta miƙa masa rigar da ta fara buga wa ƙasa da ita. Baba ya karɓi lasifika ya faɗi komai. Masu tafi suka tsaya da hannu a buɗe.

"Baba, wato ba dabara ba ce?" Lamba Tara ta tambaya.

"Awo na ɓata, 'yata."

Daga nan ya wuce shagon Bahaguwa ya maimaita mata. Ta dakatar da keken ɗinki.

"Ban san ko in yi fushi ko in yi dariya ba, Baba. Kai ne fa ka tsaya mana a ƙofa ranar da samari suka ce filin nasu ne, ba na mata ba. 'Yata tana bugawa a can yanzu. Ka sake awo kafin ka tafi."

Baba, mai rubutun nan ya juya zancenka har ya gaji. Kuskure guda ya ɗaga wata ya kayar da wata, mai rubutun bai san yadda ake raba lada da alhaki a irin wannan ba. Abin da ya gani shi ne, kai ne aka ɗora wa yabo a ka, ka sauke shi da hannunka, saboda wata mai ɗinki da kowa ya manta da ita. Mun gode, mai farin gemu da farin layi. Duk wanda ake tafa wa, ya waiwaya ya duba wanda ƙwallonsa ta dawo.

Washegari an ga Baba a ragar gabas da tef ɗin awo. Ɗaya bakin yana hannun Bahaguwa.