Turmi a Cikin Karafan

Matso nan kusa, ɗan'uwa, in ba ka labarin yadda na koma zama cikin mota.

Ni mace ce mai son ɗakinta. Tun da muka baro Kano muka sami matsuguni a Makka, a kan dutsen Nakkasa, in ba Harami ba ko gidan suna, ba na fita. Wata safiya muka tashi an shafa jan fenti a bangonmu, alamar rusau ya iso layinmu. Babban ɗanmu da ke aiki a Jidda ya bugo waya: "Umma, halas, ya isa haka, ki tattara ki dawo wajenmu." Na ce ni ba inda za ni, a Makka nake so in ƙarasa kwanana. Ya ce to a ina za ki zauna? Da gaskiyarsa, don hayar ɗaki ko a unguwar Misfala ta fi ƙarfinmu.

Malam, maigidana, tsohon direba ne, ya daɗe yana jigilar alhazai. Shi ya kawo shawarar karafan, motar nan mai ɗaki a bayanta, da gado da wurin girki. Ya ja ni har haraj, kasuwar tsofaffin motoci. Akwai wata fara mai sheƙi da na ƙyalla ido a kanta. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana karkaɗe riga.

"Hajiya, wannan hoda kawai ta sha. Tsatsa ta gama da ita."

Wadda ya zaɓa ruwan ƙasa ce, fenti ya koɗe, ta girmi autarmu. Ya tayar da ita ya bar ta tana aiki da rana tsaka, ya zuba wa allurar zafi ido har mai motar ya gaji da tsayuwa. Allura ba ta hau ba. Ni kuma na shiga na shinshina katifa da labule, ban ji warin ruɓa ba. Daɓen ne ba wanda ya duba, don an shimfiɗa masa darduma.

Wani abokin Malam ya ba mu gefe a hoshinsa, fili mai katanga inda yake ajiye motocin haya. Kullum da safe Malam zai duba ruwan lagireto, ya tayar da motar ta ɗan yi numfashi, ya lulluɓe tayoyi da tsofaffin buhuna saboda rana. In wani abu ya lalace sai ya nufi tashlih, inda ake farke matattun motoci, ya ciro na hannu. Mukayyif kuwa, na'urar sanyi, lallashinsa yake kamar jariri.

Ɗanmu ya ce zai zo ranar Juma'a ya gani da idonsa, in bai gamsu ba da ni zai koma. Ana gobe zai zo na ce bari in yi masa fura irin ta gida. To, mace ba ta daka a gaban maza, hoshin kuwa direbobi ne ke kai da kawo. Sai na ajiye turmina a tsakiyar karafan, na ja labule, na kama daka. Motar tana ta rawa, ban kula ba. Can sai ji na yi ƙwaras! Turmi ya nutse har wuya, ina hango ƙasa ta gefensa.

Na zauna na rafka tagumi, Jidda kawai nake gani. Malam ya leƙo, ya dubi turmi, ya dube ni.

"Hajiya, rijiya kike haƙa mana?"

"Malam, ka rufa min asiri, gobe yaron nan zai zo."

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗaga darduma. Ashe katakon ya daɗe da ruɓewa. Ya tafi tashlih ya dawo da farantin ƙarfe da katako mai kauri, ya wuni yana ɗauri. Ya kuma kafa min rumfar tamfol a bayan motar, inda zan yi dakana ba mai ganina.

Ɗanmu ya zo yana taka ko'ina da ƙarfi kamar mai neman laifi. Malam bai ɓoye masa komai ba, nan ma aka sake yi min dariya. Ya sha fura, ya ji sanyin mukayyif, barci ya kwashe shi, bai farka ba sai la'asar. Da zai tafi ya ce, "Umma, wannan gadon ki riƙa ajiye min shi in na zo Umra."

Haka na zauna a Makka abina. Kai fa, da za ka yarda ka kwana a mota don kada ka bar garin da kake so?